Maƙoƙo da Hankalin Tsofaffinmu

(Jawabin da ƴan kwamitin lafiya sunka yi gaban taron ƙungiya. Mun buga shi nan domin waɗanda ke nesa da waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.)

 

An ba mu magana yau bisa wani abu da ke yawan fitowa bakin ƴan ci-rani in sun kira gida ko sun komo. Wani shi ce: Baba ba shi gane muryata cikin salula, sai na faɗi sunana sau uku. Wani shi ce: Inna ta aje kuɗin da na aiko, ta mance wurin, yanzu tana tuhumar matata. Wata ta ce kakarta, wadda can da ba ta iya zama wuri guda, yanzu tun safe har la'asar tana bakin murhu cikin zane biyu, ba magana ba dariya. Amsar da kowa ke samu guda ce: tsufa ne, gigin tsufa ne, sai haƙuri. Wani lokaci amsar gaskiya ce. Amma cikin abubuwan da ke rage ma tsoho hankali akwai waɗanda ke da magani, kuma ɗaya daga cikinsu shina nan gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa. Bisa kansa za mu yi magana. Za mu faɗi inda magani ke da amfani, za mu kuma faɗi inda ba shi tsinana kome sai ɓarnar kuɗi da wahalar da tsoho, domin wanga na biyu shi ne mutane ba su cika sani ba.

Kowa shi sa hannu ga wuyansa, ƙasan zakaran wuya, shi haɗiye miyau. Nan wurin akwai wani ɗan nama mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, ya rungume maƙogwaro. Likitoci suna ce mishi tiroyid. Ga mai lafiya nauyinsa bai wuce giram 15 zuwa 25 ba, ba a ganinsa, da ƙyar ma ake jinsa da hannu. In ya kumbura, shi ne muke ce ma maƙoƙo. Ke nan kowane mutum yana da naman, maƙoƙo kumburinsa ne kawai.

Aikinsa shi ne shi zuba wasu sinadarai biyu cikin jini, likitoci suna rubuta su T4 da T3. Su ne ke gwada ma jiki saurin da zai yi aiki, kamar mai hura wuta ƙarƙashin tukunya. In sun yi daidai, zuciya tana bugawa daidai, jiki yana da ɗumi, ciki yana tafiya, kai yana aiki. In sun kasa, wuta ta yi sanyi, kome na jiki sai shi yi nauyi, har tunani. In sun yi yawa, tukunya ta tafasa ta zube, jiki yana cin kansa.

Naman ba shi aiki da ra'ayin kansa. Akwai wani ƙarami ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girman ƙwayar wake, shi ke aika mishi umurni cikin jini. Umurnin nan ne ake ce ma TSH. Ku riƙe sunan, domin shi za ku gani bisa takardar analis. Misalinsa mai amalanke ne da jakinsa. In jaki yana tafiya sosai, mai amalanke shiru yake yi. In jaki ya yi nawa, sai a ji tsawa ta ƙaru. To haka nan, in TSH ya hau, alama ce naman wuya ya yi nawa, ana ta yi mishi tsawa. In TSH ya faɗi ƙasa ƙwarai, jaki ne ya zabura da kansa har mai amalanke ya daina magana. Mutane da yawa suna karanta takardar a juye, suna zaton babbar lamba ita ce yawan sinadari. Ga babban mutum, yawancin wuraren awo suna ɗaukar 0,4 zuwa wajen 4 a matsayin daidai.

Da mi naman ke yin sinadaran nan? Da iyod, wanda makwabtanmu na Najeriya ke ce ma aidin. Abin da babban mutum ke bukata a rana mikrogiram 150 ne, mace mai ciki ko mai shayarwa 250. In an tara na shekara 70 gaba ɗaya ba zai wuce cokalin shayi guda ba. Amma in babu shi naman ba shi da abin aiki, tsawa ta yi ta ƙaruwa, shi kuma shi yi ta kumbura don neman ɗan abin da ke cikin jini. Iyod ya fi yawa cikin teku da abincin teku. Mu kuwa teku ta yi mana nisa, ƙasarmu ba ta da shi sosai, saboda haka hatsinmu da ruwan rijiyarmu ma ba su da shi sosai. Gishirin da munka gada, kantu da beza na Bilma, da na Foga, da manda, ba a zuba musu iyod. Ga kuma gero. Binciken da anka yi a Darfur ta ƙasar Sudan cikin shekarun 1980 ya gwada cewa gero yana da wasu abubuwa da ke hana naman wuya amfani da ɗan iyod ɗin da ya samu. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba shi ma haka nan. Kada wani shi tashi nan shi ce kwamiti ya hana fura. Geron ba shi yin illar nan sosai sai inda iyod ya riga ya kasa. In gishirin miya yana da iyod, a dama fura a sha.

Dattawa sun fi mu sanin yadda maƙoƙo yake da yawa can da, har akwai garuruwan da ba a ganinsa abin kallo. Awon da anka yi ma ƴan lakwal na Nijar a 1994 ya samu maƙoƙo, babba ko ƙarami, ga fiye da yaro ɗaya cikin uku. Bayan haka ne, a 1995, gwamnati ta sa dokar gishiri mai iyod. Ƙasar Suwis, wadda duwatsunta sunka yi suna da maƙoƙo, tun 1922 ta fara. Abin da ya shafi zancenmu na yau shi ne, wanda ke da shekara 80 ko 85 yanzu ya yi sama da rabin rayuwarsa kafin gishirin nan shi shigo kasuwanninmu. Da yawa cikin iyayenmu mata suna ɗauke da tsohon maƙoƙo mai ƙulli-ƙulli ƙarƙashin mayafi, shekara 40 ko 50, ba wanda ya taɓa dubawa.

Mu zo ga wanda sinadarinsa ya kasa ƙwarai. Ciwon ba shi zuwa dare guda, a hankali yake shigowa, wata da watanni, har mutanen gida su saba da shi. Mutum yana jin ɗari lokacin da kowa ke gumi. Fata ta bushe ta yi kaushi, fuska da fatar ido su ɗan kumbura, gashi shi yi ta zuba har na gira, murya ta yi kauri ta dishe. Ciki yana ɗaurewa kwana uku kwana huɗu. Zuciya tana bugawa sannu. Barci ya yi yawa, ji ya ragu. In an yi mishi tambaya sai shi daɗe kafin shi amsa, kamar maganar tana tasowa daga ƙasan rijiya. Yana mance abin da anka faɗa mishi da safe. Wasu har su fara zargin mutane, ko su ji muryoyi. Ku duba fa, in yarinya mai shekara 30 ta yi haka, kowa zai ce ba ta lafiya, a kai ta likita. In tsohuwa mai shekara 80 ce, kowace alama cikin waɗanga muna da sunan da muke ba ta: tsufa. Mata kuwa sun fi maza kamuwa da ciwon nesa ba kusa ba. Sau da yawa wanda ya yi shekara biyu ko uku a waje shi ne ya fi gane canjin, domin shi bai ga abin yana zuwa kaɗan-kaɗan ba. Ɗan ci-rani, in ka komo ka ga fuskar mahaifiyarka ta sake, muryarta ta sake, kada ka yi shiru don kunya.

Ciwon nan an daɗe da samun maganinsa. A 1891 wani likita na Ingila, George Murray, ya yi ma wata mace mai shekara 46 allurar ruwan naman wuyan tunkiya. Matar da ta riga ta kwanta sai ta miƙe, ta ci gaba da shan maganin, ta ƙara shekara 28 a duniya. A 1949 wani likitan Landan, Richard Asher, ya ba da labarin mutum 14 da anka kawo asibiti ana ce musu mahaukata, ashe naman wuyansu ne ya tsaya. Da anka ba su magani, da yawa cikinsu hankalinsu ya komo. Yau ba a bukatar tunkiya. Akwai ƴar ƙwaya, lebotiroksin, a farmasi an fi saninta da Levothyrox, guda a rana. Wanda ciwonsa ya tabbata, watau TSH ya hau kuma T4 ya faɗi, ana ba shi ita ko shekarunsa nawa ne. In an bar shi haka nan, lokacin ɗari shi ne haɗarinsa, domin sanyi ko ciwon haƙarƙari yana iya kai shi ga suma, jiki shi yi sanyi ƙalau, kuma da yawa ba su tashi daga ita.

Akwai kuma kishiyar wannan, inda sinadari ya yi yawa. Ga saurayi ko budurwa abin a fili yake: rawar hannu, gumi, cin abinci kamar gara amma ana ramewa, wani har idanu su fito. Ga tsoho sau da yawa ba haka yake zuwa ba, kuma likitoci sun san da haka tun 1931. Tsohon sai shi yi shiru, ba shi son abinci, ba shi son hira, yana ramewa, ƙafafu ba ƙarfi, in ya tsuguna ba shi iya tashi sai an kama shi. In ka taɓa jijiyar hannunsa ka ji tana gudu, tana tsalle ba tsari. Wanga bugun marar tsari shi ne abin tsoro, domin yana sa jini shi daskare cikin zuciya, gudan shi tafi ƙwaƙwalwa, rabin jiki shi shanye. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda ya fito a 1994, ya samu cewa ga waɗanda sunka wuce shekara 60, masu TSH ƙasa ƙwarai sun ninka sauran wajen sau uku ga samun bugun nan cikin shekara 10. Ƙashi ma yana yin sakayau, faɗuwa kaɗan sai karaya a ƙugu.

Nan ne tsohon maƙoƙo ke shigowa. Ƙullin da ya daɗe cikin yunwar iyod wani lokaci yakan daina jin umurni, shi riƙa aiki da kansa. Ranar da ya samu iyod mai yawa sai shi zuba sinadari fiye da kima. An ga haka a Zimbabuwe cikin shekarun 1990, bayan an kawo gishirin da iyod ɗinsa ya yi yawa, kuma manya masu tsohon maƙoƙo ne abin ya fi taɓawa. Gishirin miya na yau da kullum ba shi ne muke hanawa ba, tsoho shi ci tukunya guda da jikokinsa. Abin da muke hanawa shi ne ɗa shi sayo ruwan iyod ko ƙwayoyin ciyawar teku daga Abijan ko Legas shi ce ma uwarsa ga maganin maƙoƙo. Maƙoƙon shekara 50 iyod ba shi narkar da shi, yana dai iya tada shi. Akwai ma wani maganin zuciya, amiyodaron, wanda ke cike da iyod. Tsohon da ke shansa ya kamata a riƙa auna mishi wuya. Yawan sinadari shi ma yana da magani: ƙwaya, ko aiki, ko wani iyod na musamman da ake sha a asibiti. Wanda anka ba ƙwayar karbimazol, in zazzaɓi da ciwon maƙogwaro sun kama shi, shi tsaida ta shi tafi likita ranar nan, kada shi kwana.

Yanzu ga wurin da muke so ku ƙara buɗe kunne, musamman masu aiko kuɗi. Tsakanin mai lafiya da mai ciwo sosai akwai mutane da yawa waɗanda T4 ɗinsu daidai yake, TSH kaɗai ya ɗan hau, 5 ko 6 ko 8. Jaki yana kai kaya kasuwa, sai dai da ƴar tsawa. Cikin tsofaffi irin waɗanga sun fi masu ciwon sosai yawa. Ɗa shi ga lamba ta wuce abin da anka rubuta gefen takarda, shi ce alhamdu lillahi mun gano abin da ke sa Baba mantuwa, a sayi ƙwaya. Likitoci ma shekaru da yawa haka sunka yi zato. Da anka bi abin a hankali sai anka samu wani abu daban.

Da farko, TSH yana hawa da shekaru ko ga mai lafiya. Awon dubban mutane a Amurka, wanda anka fitar a 2007, ya gwada cewa ga waɗanda sunka kai 80 iyakar sama tana kaiwa wajen 7,5. Ke nan lambar da za ta zama ciwo ga mai shekara 30 tana iya zama daidai ga kakansa.

Na biyu, a garin Laidin na ƙasar Holan, daga 1997 likitoci sun bi mutanen garin da sunka cika shekara 85, mutum 599, suna duba su kowace shekara har sunka kai 89. Suna auna jini, suna gwada tunani da saurin fahimta, suna duba ko mutum yana iya wanka da sa tufa da kansa, ko yana cikin baƙin ciki. Sakamakon ya fito a 2004. Masu TSH sama ba su fi sauran mantuwa ba, ba su fi su kasala ko baƙin ciki ba, hankalinsu bai fi saurin raguwa ba. Abin da ya ba kowa mamaki, sun ma fi sauran daɗewa a duniya. An kuma samu irin haka ga wasu da sunka kusa shekara 100 a Niyok, TSH ɗinsu ya fi na waɗanda ba su kai su shekaru ba hawa. Wasu masana suna ganin jikin da ya tsufa ƙwarai yana rage wuta da gangan don itace shi kai shi nesa. Tsohon raƙumi ba a kora shi da gudun ɗan taguwa.

Na uku, an gwada ba da ƙwayar. A ƙasashe huɗu, Birtaniya da Ailan da Holan da Suwis, an ɗauki mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama waɗanda TSH kaɗai ya hau musu. Rabi an ba su lebotiroksin, rabi an ba su ƙwayar da ba kome cikinta, ba mai shan da ya san wace ya samu. Bayan shekara guda lambar masu shan magani ta sauka, takarda ta yi kyau, amma gajiya da sauran alamu ba su bambanta da na ɗaya rabin ba. An fitar da wannan a 2017. A 2019 an duba mutum 251 da sunka wuce 80 su kaɗai, amsa guda. A 2021 an haɗa bincike 23, mutum 74.565, ba a ga wannan ƴar hawa ko sauka tana tafiya tare da raguwar hankali ba. Wani abu kuma daga gwajin 2017: cikin waɗanda anka kira don lambarsu ta taɓa hawa, fiye da rabi da anka sake awo an tarar ta komo daidai da kanta, ba magani.

Saboda haka ne ƙungiyar likitocin wuya ta Turai, tun 2013, ta ba da shawara cewa wanda ya wuce 80 zuwa 85, in TSH bai wuce 10 ba kuma T4 daidai yake, a sa ido a riƙa sake awo, kada a yi gaggawar ƙwaya. Ƙwayar ba ruwan sanyi ba ce. In ta yi yawa tana kai tsoho ga wancan ciwon na biyu da munka faɗa, bugun zuciya marar tsari da karayar ƙashi, da kuɗin ɗansa. Mun san binciken nan a ƙasashen Turawa anka yi shi, ga mutanen da maƙoƙo bai dama kamar iyayenmu ba. A ganinmu wannan ƙarin dalili ne na yin awo kafin a ba da kome, domin wuyan da ke da tsohon ƙulli ya fi saurin zabura.

To mi za a yi? Awon nan na jini ne, ba a yinsa a ƙaramar likitar ƙauye, sai babban gari. A Yamai, ban da manyan asibitoci, akwai cibiyar IRI ta jami'ar Abdu Mumuni da ta daɗe tana awon wuya. Ku fara da majo na likitarmu, shi duba tsoho, shi auna hawan jini da bugun zuciya, shi rubuta takardar turawa. Kada a yi awon lokacin da tsoho ke kwance da zazzaɓin cizon sauro ko wani babban ciwo, domin ciwo yana juya lambobin, sai ya warke da ƴan makonni. In lamba ta ɗan hau, a sake bayan wata biyu ko uku kafin a yanke magana. A aje takardun duka cikin leda guda, a tafi da su kowane zuwa. Wanda zai raka tsoho shi zama wanda ke kwana gida ɗaya da shi, domin shi ne zai iya gaya ma likita yaushe abin ya fara. A kwashi duk ƙwayoyi da saiwoyin da yake sha a gwada ma likita, kada a ɓoye ko guda.

In likita ya rubuta lebotiroksin, ga tsoho da kaɗan ake farawa, sau da yawa mikrogiram 25, a ƙara sannu bayan mako 6 zuwa 8 in an sake awo. Ana shanta da ruwa zalla tun da safe, a dakata rabin awa ko awa guda kafin koko ko fura. Ƙwayar ƙarin jini da ta ƙarfin ƙashi suna hana ta shiga jiki, a raba su da ita da awa huɗu. Da azumi a tambayi likita, yawanci ana maida ta kafin sahur da ɗan lokaci, ko lokacin kwanciya bayan abinci ya sauka. Ba a ganin aikinta kwana biyu, sai makonni, kuma yawancin masu shanta har ƙarshen rai ne. Nan ne mu ƴan waje muke kasawa. Wata na farko kowa ya aiko, wata na shida kwalin ya ƙare ba wanda ya tuna, tsohuwa ta koma bakin murhu, a ce ai maganin Nasara bai karɓe ta ba. A sayo ta a farmasi, a aje ta inuwa nesa da zafi. Ta bisa tire da ke yawo cikin rana a kasuwa ba mu yarda da ita ba.

Maƙoƙo kuma ba a yi mishi sakiya, ba a sa mishi ƙaho, ba a tsaga shi. Muna girmama wanzamanmu, amma wurin nan manyan jijiyoyin jini ne ke kewaye da shi, kuma yawanci ba ruwa ko mugunya ke ciki ba da za a fitar. Wanda maƙoƙonsa ya fara girma da sauri, ko ya yi tauri kamar dutse, ko murya ta dishe ba mura, ko numfashi da haɗiya suna wuya, wannan ba na jiran kaka ba ne, a tafi da shi yanzu.

Gishiri a sayi mai iyod na cikin leda, a zuba cikin abu mai marfi, nesa da murhu da rana da laima, domin iyod yana tashi. Kada a ƙara yawansa don an ce yana da amfani, hawan jini yana nan yana jira. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada babba shi wuce giram 5 a rana, cokalin shayi guda ke nan. Waɗanda sunka fi bukatarsa ma su ne matanmu masu ciki, domin ƙwaƙwalwar jinjiri da iyod ake gina ta tun cikin ciki, kuma abin da ya kasa can ba a cika shi daga baya.

Ba mu so ku tashi nan da zaton duk tsohon da ke mantuwa wuyansa ne. Kaɗan ne cikinsu. Wani kunne ne ya toshe, ana magana ba shi ji, sai a ce ba shi ganewa. Wata yanar ido ce, wadda ake cirewa cikin ɗan lokaci. Wani ƙarancin jini ne, wani hawan jini ne ya yi shekaru yana ɓarna a ɓoye, wani ƙwayoyin barci da na ciwon jiki ne da jikoki ke sayo mishi a kasuwa. Wanda ya ruɗe dare guda, jiya lafiya yau ba shi gane kowa, a nemi zazzaɓi ko ciwon fitsari ko shanyewa, a kai shi likita ranar nan. Wata kuwa kewa ce, ɗiyanta biyar duka suna kurmi, tsararrakinta sun ƙare, ba mai zama shi yi hira da ita. Akwai kuma ciwon ƙwaƙwalwa na gaske, irin wanda ake ce ma Alzaima, wanda ba a warkar da shi har yau. Ko shi ya kamata a sani, domin gidan da ya san ciwo ne ya fi iya haƙuri da mai shi.

Akwai abin da ba za mu rufe baki bisa kai ba, ko da zai yi ma wasu ɗaci. Tsohuwar da ke fita da dare tana yawo, tana kiran sunayen matattu, tana shiga ɗakin da ba nata ba, mun san sunan da ake laƙaba mata a wasu gidaje, mun san yadda ake janye yara daga jikinta, a daina cin abin hannunta. Mutanen nan 14 na Asher da a wani wuri suke, da irin sunan da za su samu ke nan. Matar da ta yi daka ta yi surfe ta goya rabin unguwa, kafin kowa shi buɗe baki shi kira ta mayya, a kai ta a auna mata jini. Muna roƙon maigari da limamai da dattawan unguwa su tsaya bisa wannan, domin in su sunka yi magana ba mai ƙarawa.

Ga abin da kwamiti ke roƙo. Ƴan waje, in kun kira gida kada ku tsaya ga "muna lafiya", domin tsoho ba shi taɓa ce ma ɗansa ba shi lafiya. Ku nemi wadda ke ba shi abinci ku tambaye ta: yana cinyewa? yana ramewa ko yana kumbura? yana jin ɗari cikin bazara? kwana nawa yake yi bai zaga ba? yana zuwa masallaci ko dandali kamar da? Na gida kuma, duk wanda ke da tsoho mai maƙoƙo, ko wanda halinsa ya sake cikin shekara guda ko biyu, shi ba magatakarda suna bayan an tashi, ba sai gaban jama'a ba. In mun san yawansu za mu kai ma majo, shi fara dubawa shi ware waɗanda ke bukatar zuwa birni, sa'an nan mu kawo ma taro lissafin kuɗin mota da na awo, a ga abin da asusu zai ɗauka da abin da ɗiyansu za su cika. Muna so a yi tafiyar bayan an gama girbi, kafin ɗari shi kankama.